Filin Masu Keke: kafin ka zargi gwiwarka, ƙirga haƙoran giyarka

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili, ya Ikko, ya ruwan sama. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk magana ɗaya ce, keke mai giya ɗaya, da ɗan'uwansa fiksi wanda fedarsa bata tsayawa muddin taya na juyawa. Banyi mamaki ba, tunda aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka zo aka cire tallafin mai a Mayun 2023, yaranmu da yawa sun koma kan keke suna neman halaliyarsu, kuma mai giya ɗaya shine mai sauƙin saye da sauƙin gyara. Na zaɓo biyar, sauran kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Kawu barka da aiki. Ni da acaɓa nakeyi aka kama min mashin, yanzu watana biyar ina kai saƙon abinci da keke, daga Idi-Araba nake fita in zaga Surulere da Yaba har dare. Keken tokumbo ne irin na tsere mai siririyar taya, abin canza giyarsa ya lalace sai mai gyara ya cire shi ya rage sarƙa ya mayar min dashi giya ɗaya, yace in barta akan babban farantin gaba dan yafi gudu. Gudu kam yanayi in hanya ta buɗe amma wlh Kawu gwiwata ta dama ta fara ciwo, in zan tashi daga sujjada sai na dafa ƙasa sosai, gadar Ojuelegba kuma sai na miƙe tsaye nake hawanta ina haki. Ƙarfi ne bani dashi ko keken ne?
Daga ɗanka mai kai saƙo, Idi-Araba

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar maka da mafi alherin mashin ɗinka, ya sa albarka a wannan nema. Ƙarfi kana dashi, wanda yake zaga Surulere da Yaba da akwati a baya tun safe ba rago bane. Keken ne aka ɗora maka nauyin da ba naka ba.

Da naga saƙonka nace ka kifa keken ka ƙirga min haƙora, ka turo min: babban farantin gaba 52, ƙaramin da yake maƙale a bayansa 42, firiwil ɗin baya, wato ƙaramin farantin tayar baya mai barin feda ta tsaya taya na juyawa, 16. To ga lissafin, kuma duk mai karatu ya riƙe shi domin dashi zamuyi ta aiki har ƙarshen shafin nan. Haƙoran gaba zaka raba da na baya. 52 a raba da 16 ya bada 3.25, wato duk juyi ɗaya da ƙafarka tayi tayar baya ta juya sau uku da kwata. Siririyar tayar nan da ake rubuta 700 a jikinta in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa kamar mita 2.1, kenan kowane juyin feda kana tura kanka da keken da akwatin abincin mita 6.8. Ita kuwa ƙafa tafi jin daɗin aiki in tana juyi 80 zuwa 90 a minti, a nan ne numfashi yake ɗaukar aikin gwiwa ta samu sauƙi, kuma kafin ka kai juyi 80 da wannan giyar sai kana gudun kusan kilomita 33 a awa. Tsakani da Allah a ina zaka samu wannan a Ojuelegba da ƙarfe biyun rana? In kana lallaɓawa tsakanin danfo da keke Marwa mai taya uku da masu tsallaka titi a kan kilomita 18, ƙafarka juyi 44 take yi, in ka hau gada gudu ya sauko 12 juyi 29 ne kacal, kaga wannan ba tuƙi bane, kamar mai hawa matattakala ne da buhun shinkafa a ka, kowane taku akan ƙoƙon gwiwa yake sauka.

Kuma ni a ganina ba gadar ce tafi cinye ka ba, tashi daga tsaye ne. Gobe ka ƙirga sau nawa kake sa ƙafa a ƙasa daga Lawanson zuwa Sabo, danfo ya yanko gabanka ya tsaya ɗaukar fasinja, danja ta kama, ga rami, ga mai baro, ga kwastoma ya kira sai ka tsaya ka ɗaga waya, duk tsayuwa ɗaya sai ka sake tayar da wannan nauyin daga sifiri kuma yawanci da ƙafa ɗaya mutum yake fara takawa, ina kyautata zaton taka ta dama ce, shi yasa ita ta fara kuka.

Mai gyaranka ba mugunta yayi maka ba, haka yawancinmu muka taso muna ɗauka, wai keke mai nauyin feda shine mai gudu. Bari in nuna maka inda kake. A 1972 Eddy Merckx ɗan ƙasar Beljiyam, wanda har yau ake sashi cikin gwanayen keke na duniya, ya kafa tarihin tafiyar awa ɗaya a babban birnin Mekziko, yayi kilomita 49.431, kuma giyarsa 52 ce a gaba 14 a baya. Ƙafarsa tana juyi sama da 100 a minti, a filin tsere mai santsi, babu danja babu rami babu kaya a bayansa, awa ɗaya tak ya sauka. Kai haƙori biyu ne tsakaninka dashi, kuma wuni kakeyi a kai.

Maganinka yana jikin keken tun tuni. Kace a sauke sarƙar kan ƙaramin farantin, mai 42. 42 da 16 ya koma 2.6, mita 5.5 a juyi, nauyin da kake takawa ya ragu kusan kashi ɗaya cikin biyar, a juyi 80 kana yin kilomita 26 da rabi, a juyi 90 kusan 30, wanda ya ishi duk wani mai kai abinci a garin nan. Ba abinda zaka saya, mai gyara zai ƙara cire gaɓoɓin sarƙa ne kawai. Amma ka tsaya a kansa yana yi. In ya gama ka tsuguna a bayan keken ka rufe ido ɗaya ka dubi sarƙar daga firiwil zuwa faranti, ta miƙe sar, in ta karkace zata riƙa ƙara tana faɗuwa tana cin haƙora. Sannan ka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙar tafi ɗamewa, domin faranti baya taɓa zama daidai cif, a wannan wurin in ka danna tsakiyarta da yatsa ta ɗan motsa kamar santimita ɗaya. Wadda aka ɗame kamar tsirkiyar garaya boris take kashewa.

Satin farko zakaji kamar iska kake tuƙawa, abokanka zasu wuce ka in titi ya buɗe, dan Allah kayi haƙuri da ita sati biyu kafin ka yanke hukunci, ka duba yadda kake ji da ƙarfe tara na dare ba da tara na safe ba. Ka duba sirdinka ma, zauna ka ɗora dunduniya akan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe, in gwiwa a lanƙwashe take sirdin yayi ƙasa ka ɗaga shi kaɗan kaɗan. In kuma bayan sati biyu ko uku ciwon bai lafa ba, ko kaga kumburi, kaje asibiti a duba, karka riƙa haɗiyar maganin ciwon jiki kana rufe shi, da gwiwar nan kake ci kake aikawa gida.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni ɗalibi ne, na daɗe ina tara kuɗi na sayi fiksi 48 da 16, ina koyon sikid a YouTube yadda ake danne ƙafa tayar baya ta ja ƙasa. Tambayata biyu ce, tayar baya sabuwa sati uku kawai ta cinye a waje ɗaya har zare ya fito amma sauran jikinta lafiya lau, cutata akayi ko? Sannan naga 'yan waje basa sa birki ko ɗaya kuma keken yafi kyau haka, in cire na gaba?
Daga ɗanka, Agege

AMSA: Lafiya lau ɗana. Da ta biyun zan fara domin ita ce ta tayar min da hankali. A'a, karka cire. Ina roƙonka.

In mutum ya ja birki nauyinsa gaba yake tafiya, tayar baya tayi shafal, shi yasa ma take saurin jan ƙasa, tayar da take zamewa kuwa bata tsayar da keke da wuri, birkin gaba shi yake yin mafi yawan aikin. Keken da babu birki na filin tsere ne, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja lokacin wasannin Afirka na 2003, irin keken da Ese Ukpeseraye ta hau ma Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, can kowa hanya ɗaya ya dosa, babu wanda zai buɗe maka ƙofar mota babu yaron da zai faɗo titi. Ko a Ingila da kake ganin bidiyonsu doka bata yarda ka hau fiksi a titi ba birkin gaba ba. Agege fa muke magana, bakin kasuwa da layin dogo.

Abin ya taɓa faruwa dani shi yasa nake maganar da zafi. Shekarun baya dana fara sha'awar fiksi na kai wilina wajen wani mai gyara, ya cire firiwil ya ɗaura min sifiroket, wato farantin baya na fiksi mai juyawa tare da taya, akan tiredin, wato zaren sukurun da aka kwance firiwil ɗin, ya ɗaure iya ƙarfinsa yace har abada bazai kwance ba. Wata yamma bayan la'asar ina gangarowa daga gada motar gabana ta taka birki, na danne ƙafa baya, sai naji fedar ta tafi fayau babu komai a ƙarƙashinta, ashe sifiroket ɗin ne ya warware. Birkin gaban dana bari shi ya tsayar dani, tayata saura kiris ta taɓa bayan motar. Na ja keken gefe na zauna a bakin titi ƙafata tana rawa, na fi minti goma ban iya tashi ba, ina ta maimaita alhamdulillahi. Saboda haka yau ɗin nan ka duba wilinka, cibiyar wilin fiksi ta gaskiya tiredi biyu gare ta kamar matakala, babban na sifiroket ne, ƙaramin na waje kuma na zoben kulle ne wanda yake ɗauruwa ta hagu, dan in sifiroket ya nemi warwarewa sai ya ƙara matse zoben. In babu wannan zoben karka sake hawa sai an sa.

Yanzu tayar. Ba wanda ya cuce ka, lissafi ne. Duk mai jan taya a ƙasa ƙafarsa a wuri ɗaya take tsayawa, feda ɗaya gaba ɗaya baya. 48 a raba da 16 uku ne cif babu ragowa, kenan duk sanda ƙafarka ta dawo wannan wurin tayar ma ta juya sau uku ta dawo daidai inda take, fuska ɗaya kake gogawa da kwalta kullum. Yadda ake ganewa, ka rage lambobin biyu iya raguwa kamar yadda akeyi a aji, lambar ƙasa ita ce adadin wuraren da tayar zata ci. 48 da 16 ya koma 3 bisa 1, wuri ɗaya. 48 da 18 ya koma 8 bisa 3, wuri uku. 44 da 16 wuri huɗu, 46 da 16 wuri takwas. Amma 48 da 17 baya raguwa, wuri goma sha bakwai kenan, shi yasa masu fiksi suke son 17, ba lambar da take raba ta, sai dai in ka haɗa ta da faranti 51 to ka koma gidan jiya.

Ka nemi 17. Zata baka mita 5.9 maimakon 6.3, ta fi sauƙin tashi, ta fi sauƙin riƙewa da ƙafa. Zaka iya sauka har 19 ma, mita 5.3, amma ga inda fiksi ya bambanta da keken ɗan'uwanmu na Idi-Araba, shi in yazo gangara sai ya tsayar da ƙafa firiwil yayi ta ƙara, kai kuwa dole ƙafarka ta bi taya. In kana gangarowa gadar Pen Cinema gudu ya kai kilomita 40, da 17 ƙafarka tana juyi 112 a minti, da 19 kuma 126, wanda bai saba ba sai sirdi ya riƙa cilla shi sama. A nan ma birkin gaban ne zai rage maka. Kafin ka samu 17 ɗin, duk sati ka sassauta wili ka ɗaga sarƙa ka juya tayar haƙori uku ko huɗu ka mayar, wurin gogar zai canza. Wannan da zare ya fito kuwa ta gama aiki, canza ta.

In kaje saye ka tafi da sarƙarka, faɗinsu iri biyu ne, akwai 1/8 mai kauri akwai 3/32 siririya, mai kaurin tana hawa kowane haƙori amma siririyar bata zama akan mai kauri. Ka sa madaurin ƙafa a feda, in ƙafa ta suɓuce a guje fedar bata jiranka, ƙwabri take duka. A kwana karka kwanta sosai tunda bazaka iya tsayar da feda a sama ba, in ta daki ƙasa tayar baya tashi takeyi. Ƙafar wando da bakin jallabiya da igiyar takalmi duk a tattare. Kuma in kana goge sarƙa karka taɓa juya taya tsumma na hannunka kusa da haƙora, fiksi bashi da sassauci, in ya ja yatsa sai ya wuce dashi.

TAMBAYA: Yaya barka da war haka. Ina fita motsa jiki da keke ranar Asabar da asuba wajen Ikoyi har gadar Lekki. An nuna min kekuna biyu masu giya ɗaya, ɗaya 48 da 18 ɗaya 40 da 15, mai sayarwa yace mai 48 yafi gudu. Wanne zan ɗauka?
Daga ƙanwarka, Obalende

AMSA: Barka kadai ƙanwata. In tayoyinsu girma ɗaya ne to gudunsu ɗaya ne sak, raba ki gani, duka biyun 2.67 suke bayarwa. Bambancin kawai mai yawan haƙoran sarƙarsa tafi daɗewa saboda aikin ya rabu akan haƙora da yawa. Wannan giyar kuma tayi daidai da inda kike bi, zata hau gadar ko da iskar ruwa tana turo ki. Ki hau kowanne ki zaga, wanda tsayinsa yayi miki, hannunki yake kaiwa birki ba miƙa, shi zaki ɗauka.

TAMBAYA: Malam sannu da ƙoƙari. Ni gadi nakeyi a wani waje da ake gini can bayan Sangotedo, kullum sai nayi tafiya mai tsawo akan kwalta sannan in shiga hanyar yashi wajen kilomita biyu, da damina kuma ruwa da taɓo. Kekena mai faɗin taya ne lamba 26, faranti uku a gaba bakwai a baya, sau uku ina canza abin giyar baya yashi yana kashe shi na gaji da kashe kuɗi. Inaso in mayar dashi giya ɗaya amma bansan wacce zata yi min kwalta tayi min yashi ba. Wani abokina yace in yi fiksi wai yafi kama ƙasa a taɓo.
Daga ɗan'uwanka, Sangotedo

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, sannunka kaima, Allah ya tsare ku a bakin aiki. Gaskiyar da zan fara faɗa maka, babu giya ɗaya da zata gamsar da kai a wuraren biyu, dole ɗaya ta ɗan ci ka, kuma shawarata ka zaɓa saboda yashin. A kwalta giya mara nauyi minti kaɗan zata ƙara maka, a yashi kuwa mai nauyi sauke ka zatayi ka tura keke da ƙafa cikin ruwa, ka isa aiki a jiƙe.

Masu hawan daji da giya ɗaya sun daɗe da abinda suke farawa dashi akan taya 26, biyu bisa ɗaya, wato 32 gaba 16 baya. Tayarka tana cin mita 2 da ɗan ɗoriya, kenan mita 4.1 a juyi, kusan kilomita 20 a awa in kana juyi 80. In yashin mai zurfi ne irin wanda taya take nutsewa 32 da 18, mita 3.7. Masu babbar taya 29 su daga 18 ko 20 suke farawa tunda tayarsu tafi cin ƙasa. Amma kai kana da gatan da mai sayen sabo bashi dashi, duk giyoyin nan suna jikin kekenka yanzu. Irin naka na baya yawanci 14, 16, 18, 20, 22, 24, 28 ne, na tsakiyan gaba kuma 32 ko 34 ko 38, ƙirga ka gani. Ka ɗora sarƙa a farantin tsakiya ka zaɓi ɗaya a baya, kayi kwana uku zuwa da dawowa baka taɓa ba, sannan ka gwada na kusa dashi kwana uku, kuma ka tabbata a ciki akwai ranar da akayi ruwa. Jikinka zai gaya maka abinda ni daga nan bazan iya ba.

Inda ake samun matsala wajen ɗame sarƙa ne. Dubi tsagar firam inda tayar baya take shiga, in doguwa ce a kwance zaka iya jan taya baya ka ɗame, amma irin kekenka yawanci tsagar ƙasa take kallo, taya bata matsawa ko kaɗan. Abinda na fi gani shine a rage sarƙa kawai a barta akan ɗaya daga haƙoran nan bakwai, kuma ina hana mutane, domin waɗannan haƙoran gajeru ne an yi su ne dan sarƙa ta riƙa tsallakawa, ranar da ka faɗa rami ta haura kan babba sai ta ɗame ta ƙarfi, ko ta tsinke ko ta lanƙwasa ƙarfen tsakiyar wili. Ka sa firiwil mai ɗaya na gaskiya mai dogayen haƙora, a daidaita shi da farantin gaba, sannan ko ka sayi ɗan abin ɗame sarƙa mai sifirin, ko tsohon abin giyar naka in bai karye ba a ɗaure sukurorinsa biyu ya tsaya wuri ɗaya, aikin ɗamewa kawai zai riƙa yi. Akwai kuma rabin gaɓa da ake sayarwa, wani lokaci ita kaɗai take cike gibin. In keken mai sifirin ne a tsakiyar firam dole sai da abin ɗamewa, tsawon sarƙa yana canzawa duk sanda ya lotsa.

Akwai wata dabara in kana da haƙurin tsayawa, faranti biyu gaba haƙora biyu baya waɗanda jimlarsu ɗaya ce, misali 36 da 16 na kwalta, 34 da 18 na yashi, duka 52 ne saboda haka sarƙa ɗaya ta ishe su, ka tsaya a bakin yashi ka sassauta wili ka matsar da ita da hannu. Tana aiki, amma ga mai sammako kullum da hannu cikin baƙin mai ni ban ga ribarta ba.

Fiksi kuwa ka bawa abokinka haƙuri. Na ɗaya baya haɗuwa da abin ɗame sarƙa, kana danna ƙafa baya zai naɗe shi. Na biyu a hanyar da ruwa ya rufe dutse da guntun bulo kana buƙatar tsayar da feda a daidai ka wuce, fiksi bazai barka ba. Abinda zai kama maka ƙasa rage iskar taya ne kaɗan, ta ɗan baje, ka zauna baya baya akan sirdi ka saki kan keken ya nemi hanyarsa kar ka daina juya ƙafa. Sannan yankinku ga yashi ga iskar gishiri, giris mai kauri a sarƙa yashi yake tarawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ka wanke ka bari ta bushe ka ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa ka goge na waje tas.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne na haura sittin, ina da tsohon Raleigh mai birkin ƙarfe tun daga gida na taho dashi, dashi nake ɗauko albasa da tattasai daga Mile 12 zuwa rumfata. Da bana jin komai, yanzu in na ɗora buhu ko ɗan tudu na gani sai na sauka. Yara sunce in sayar in sayi mai giya, ni kuma bana son rabuwa dashi.
Daga wani dattijo, Ketu

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kar ku sayar. Wannan keken an yi shi ne dan ɗaukar kaya, kariyarsa ta ɗora kaya da firam ɗinsa sunfi na yawancin masu giyar da yaran suke nufi ƙwari, giyarsa ce kawai ta saurayi mara kaya. Irinsu yawanci 44 ne ko 46 a gaba, 18 a baya, ga taya 28 mai cin sama da mita 2.2, in 44 ne kuna tura mita 5.5 kenan a kowane juyi, daidai da abinda na bawa yaron can mai kai abinci, ku kuma da buhun albasa.

Ku sa a nemo firiwil mai haƙori 22. Zai dawo mita 4.5, nauyin feda ya ragu kusan kashi ɗaya cikin biyar. In ba a samu ba 20 ma zai taimaka. Duk haƙori ɗaya da aka ƙara yana jawo taya gaba kamar milimita 3, huɗu kenan sun kusa rabin inci, saboda haka mai gyara zai ƙara gaɓar sarƙa guda cikakkiya, ta ciki da ta waje, taya ta koma mazauninta. In sarƙar ta tsufa gara a sa sabuwa tare da firiwil ɗin, tsohuwa akan sabon haƙori tsalle takeyi. In keken yana da rufin sarƙa na kwano a duba ko 22 zai shiga baya gogawa.

Sai birki Baba, tunda yanzu zaku riƙa hawa tudun da kaya to gangararsa ma da kaya zaku sauko, kuma birkin ƙarfe akan wilin ƙarfe baya kamawa sosai in ya jiƙe. A sa sabbin robobi gaba da baya, a daidaita su bayan an gama ɗaure taya ba kafin ba, ranar ruwa kuma ku fara ja tun daga nesa. Buhun a ɗaure shi ya matso kusa da sirdi, kar ya leƙa bayan kariya, in ya leƙa tayar gaba ce take yin shafal a hawa.